Geron da Na Zuba wa Kaji

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai mijina makwancinsa, kuma har yau ba a janye masa sunan mahaukaci ba. Ƙarata ke nan. Ina ƙarar mutanen garinmu da suka laƙa masa sunan. Ina ƙarar masu ilmin da suka san yana da gaskiya suka yi zamansu a birni. Ina kuma ƙarar kaina, don ni na ɓatar da shaidarsa da hannuna. Ba zan nemi afuwar kowa kan yadda zan faɗi maganar ba. Da furfura a kaina na shiga makaranta, ban samu lokacin koyon lanƙwasa harshe ba.

Sunansa Garba, ana ce masa Garba Mai Rijiya. Shekara talatin da 'yan kai muna tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, Malam nake cewa, kamar yadda iyaye suka koya mana. Yau na rubuta shi, don malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce takarda ba ta san kunya ba, wanda ba a ambata ba kamar bai zo duniya ba ne. Ni kuwa sunana Kulu. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu ba kowa a cikinsa, kuma waɗanda ke riƙe da dajin suna da kunnuwa.

Ginar rijiya ita ce sana'arsa, gadon ubansa. Daga Kasuwar Daji har wajen Galadi akwai rijiyoyin da ya gina. Mutum ne da zai ɗebo ƙasa daga cikin rami ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana, ya ce saura gaba biyu a cim ma ruwa, kuma a cim masa. Yakan ce ƙasa shimfiɗa take yi kamar zannuwan tsohuwa a cikin adaka, wanda ya riga zuwa shi ne a ƙasa. Baƙar ƙasar noma a sama, sai jar ƙasa, sai tsakuwa, sai marmara, sai yashin ruwa. In ya tarar da wata ta shiga wurin wata, ya san hannun mutum ya taɓa wurin, ko da shekara ɗari ne.

Bayan ƙauyenmu akwai wani tudu mai duwatsu da muke kira Tudun Kufai. Tun muna yara ake hana mu hawansa, wai unguwar mutanen ɓoye ce. Kowa ya san akwai jerin manyan duwatsu da suka kewaye kansa, amma ba wanda ya taɓa tambayar wa ya jera su. Malam ya hau wata rana neman itacen da zai ɗora a bakin rijiya. Ya sauko ba itacen. Ina surfe ya shigo ya tsaya a kaina.

"Kulu, na ga rijiya bisa tudu."

"To mi a ciki? Kai da kullum kana cikin rijiya."

"Bisa tudu nic ce miki. An hwasa marmara, an jera mata duwatsu, ta cike da ƙasa. Ke ko ba ki san aikin ba, kin san ba a neman ruwa bisa dutse ga gulbi kwance ƙasa."

"Halan aljannun ne sunka ji ƙishirwa."

Bai yi dariya ba. Ya ce rijiya irin wannan mutum goma ba su gina ta a rani ɗaya. Sai an sami mai sa mutane aiki, mai ciyar da su har su gama, mai tunanin ranar da za a rufe ƙofa a hana kowa sauka gulbi. Ya ce, "Rijiya bisa tudu, sai sarki."

Daga ranar tudun ya shiga ransa. In ya sami ranar da ba aiki sai ya hau. Ya bi ganuwar da ƙafa ya gano tana da ƙofa biyu, ta gabas da ta yamma, da duwatsun da ƙarti shida ba su ɗaga ɗaya. Ya gano kashin maƙera tuli guda a gefe ɗaya, ya ce nan unguwar maƙera take. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne gindin rumbuna. Ya same su a jere a jikin ganuwa, ya auna su da igiyarsa, duk faɗinsu ɗaya. Ya ce manomi yana gina rumbu daidai ƙarfin gonarsa ne, shi ya sa ba ka ganin rumbu biyu iri ɗaya a ƙauye. In ka ga an jera su kai ɗaya, hatsin da aka tara daga hannun jama'a ne. Mai gari ya ce masa zangon maharba ne kawai, ya daina wahalar da kansa. Malam ya ce bai taɓa ganin maharbin da ya tsaya gina rumbu ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Wata hantsi yana gyaran igiya a zaure, rediyonsa na kusa da shi, sai aka kawo labarin wani tudu a ƙasar da Annabi Dawuda, Alaihis Salam, ya yi mulki. Aka ce masu binciken kayan tarihi sun daɗe suna gardama, wasu na cewa mulkin nasa bai kai yadda ake faɗi ba. Sai aka tone wani tudu aka sami gari mai ganuwa da ƙofa biyu. A cikin ƙasar wurin aka tsinci ƙwallayen zaitun da suka ƙone, aka kai su na'ura ta faɗi shekarunsu, lissafin ya faɗa wajen zamaninsa. Wasu suka ce ga shaidar daula, wasu suka ce har yanzu da sauran magana. Mu dai ba mu jiran ƙwallon zaitun kafin mu gaskata Annabin Allah, shi ma Malam haka. Ƙwallon ne ya kama shi. Ya shigo cikin gida da rediyon a hannu, yana cewa, "Kin ji? Iri in ya ƙone ba ya ruɓa, kuma yana tuna ranar da wuta ta ci shi. Su ma can ƙofa biyu, su ma can gardama suka yi!"

Sai ya ɗauki daginsa ya hau. A gindin wani rumbu ya yi ɗan rami, a hankali, kamar mai tonon gyaɗa. Kamu biyu da wani abu ya tarar da toka, a ƙarƙashinta kuma gero, baƙi ƙirin, ƙwaya-ƙwaya, ko siffarsa ba ta canza ba. Ya zo da shi a gwangwanin madara. Haka ya riƙa yi wajen shekara uku. Kowane rami da gwangwaninsa, kowane ɓallin tukunya da ƙullinsa, kuma a cikin kowanne yakan sa 'yar takarda da ya rubuta da tawadar allo. Ya je wurin hedimastan firamare ya rubuta masa wasiƙa zuwa jami'a. Shiru.

A nan ne gari ya sa shi gaba. In ya wuce majalisa sai a ce, "A gaishe da sarkin kufai, ya mutanen naka?" Ana cewa ya gamu da su, sun shafe shi. Abin ya wuce wasa lokacin da mutane suka fara tsoron shan ruwan rijiyar da ya gina, aka koma kiran wani magini daga Shinkafi wanda bai kai shi sanin ƙasa ba. Ni ma ban raga masa ba. Na ce masa mazan mutane na kawo hatsi gida, shi yana kawo mini gawayi. Ya dube ni ya ce, "Ke dai Kulu, bakinki ya hi dagi kaihi." Ya ci gaba da ƙulle-ƙullensa. Yau in na tuna wannan maganar tawa, tuwo ba ya wuce mini.

Da ransa, sau ɗaya na hau tudun, na kai masa fura, ina tafe ina karanta duk addu'ar da na iya. Ya ja ni ƙofar gabas ya nuna mini wani gindin rumbu da wani faffaɗan dutse ya faɗo ya rufe. Ya ce duk sauran ya taɓa su, wannan kuwa ba zai taɓa ba. Ya ce shi magini ne, ya san ƙasa, amma mai na'ura zai so ya ɗebi nasa da hannunsa don kada a ce an zuba. "Wanga na masu ilmi na. Ko bayan raina, a bar musu shi yadda Allah ya aje."

Ciwon ƙirji ya kashe shi, ƙurar marmara ta shekara da shekaru. Kwana biyu kafin ya cika ya nuna mini ɗakinsa da hannu ya ce, "Ki kula da kayan can." Na ce to.

Ga inda na kashe shi karo na biyu. A wurin mace irina, kula da kaya shi ne a share, a wanke, a jera. Da na fita takaba na buɗe ɗakin. Na ga gwangwanaye cike da ƙonannen gero, tururuwa na bin wasu. Na ce hatsi ko ya ƙone ba a barinsa ya lalace a ɗaki, na juye su duka a faifai ɗaya na watsa wa kaji. Ko kallonsa kajin ba su yi ba, na share na kai juji. Ɓallayen tukwanen na kwance su daga ƙullinsu, na wanke su tas da sabulu da soso, na zuba a kwando ɗaya. Takardun kuwa na ga rubutun Larabci ne. Ban iya karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba, amma na san ba a barin sunan Allah ya taɓa ƙasa. Na yi alwala, na tattara su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, na ƙone su a sabon kasko, na binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa. Na kwanta ranar ina jin na sauke amana.

Bayan wata takwas sai ga baƙo a kan mashin, da tabarau da jaka, ya ce daga jami'a yake, wasiƙar Malam ce ta daɗe a kan teburin wani kafin ta iso gare shi. Na yi masa shimfiɗa, ya yi mini gaisuwar rashi, na fito masa da kwandon ina jin daɗin yadda kayan suka yi fes. Ya ɗauki ɓalli ɗaya ya juya, ya kai hanci.

"Inna, wanke su aka yi?"

"Ni na wanke su da kaina."

"Geron da ya ambata fa?"

Na faɗa masa. Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Takardun da ke ciki?"

"Ayoyin? Na ƙone su yadda ya kamata, ba wadda ta taɓa ƙasa."

Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wata 'yar takarda, irin waɗanda na ƙone sak, wadda Malam ya sa a cikin wasiƙar don su ga yadda yake aikinsa. Ya ce, "Inna, ba ayoyi ba ne. Hausa ce, da ajami ya rubuta. Bari ki ji." Ya karanta: "Rumbu na biyu daga ƙofar yamma. Kamu biyu da taƙi. Ƙarƙashin toka, bisa jar ƙasa. Ban ga ramin gara ba."

Muryar mijina ce. Haka yake magana in ya fito daga rijiya. Shekara uku yana rubuta inda kowane abu ya kwanta, ni kuwa na haɗa su wuri ɗaya na banka musu wuta da bisimilla. Baƙon ya ce bai taɓa ganin wanda bai shiga aji ba ya yi aiki mai tsabta haka. Ya ce ɓallin tukunya in an raba shi da makwancinsa ya zama bebe. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ni na kwana a kan damin, na tashi na ƙone shi.

Na kai shi ƙofar gabas na nuna masa dutsen. Ya yi murna har da tafa hannu, ya ɗauki hotuna, ya ce bayan damina zai dawo da ɗalibai da kayan aiki. Bayan daminar nan ce hanya ta fara lalacewa. Shekara goma ke nan. Ina da lambarsa, nakan sa a kira mini shi, yanzu kuma da kaina nake kira. Mutumin kirki ne, yana ɗauka. Kullum maganar ɗaya ce, ba za a ba shi izinin kai 'ya'yan mutane daji ba, in yi haƙuri abubuwa su lafa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma na gaji da haƙurin da kullum mu ake aiko wa shi.

A satin da baƙon ya tafi na je aka rubuta sunana a ajin manya. Mata na dariya, wai Kulu za ta zama malama. Aka ce gemu ba ya hana ilmi, na ce ni ko gemun ba ni da shi, sai in ga abin da zai hana ni. Na yi boko har na iya rubuta wasiƙa, na koma wurin wata malama na koyi ajami, don kada a sake sa takarda a gabana in yi mata sujada ban san abin da ta ce ba. Da na sani ƙeya ce. Na iya karatun, abin karantawar ya zama toka.

Shekara biyar ke nan da ƙauyenmu ya watse. Ba zan ba da labarin ranar ba, duk mai karanta wannan rubutu nawa a Zamfara yana da irinsa. Ina Ƙaura yanzu, ɗaki ɗaya, ina sayar da daddawa. Nakan zauna in ce, da Malam zai ɗaga kai ya duba, me zai ce? Rijiyoyinsa na nan da ruwa, masu bindiga ke sha. Waɗanda suka ƙi shan ruwansa don tsoron aljanu suna nan tare da ni muna layin famfo. Ina jin da ba zai yi musu dariya ba, ba halinsa ba ne. Ina jin cewa zai yi mutanen tudu sun taɓa ganin irin wannan zamani, shi ya sa suka jera dutse, suka tara hatsi, suka fasa marmara. Tokar da ke kan geron ta nuna su ma wata rana ƙofar ba ta tsare su ba. Amma sun yi shiri, an yi musu jagora. Mu da aka ce muna da gwamnati, da takalmi ɗaya wasunmu suka iso Ƙaura.

A nan in an tashi rabon tallafi sai a ce 'yan gudun hijira su koma gefe ɗaya. Ana kallonmu kamar tsintattun da iska ta kwaso daga inda ba a taɓa yin komai ba. Nakan so in ce musu a bayan gidanmu akwai birni mai ganuwa, wataƙila tun ba a sari itacen farko a nan ba. Sai in tuna ba ni da abin nunawa. Maganar mahaukaci ce a bakin matarsa. Abin da zai mai da ita magana mai ƙafa yana ƙarƙashin dutse ɗaya a ƙofar gabas, kuma shi kaɗai ya rage.

Ran Talatar da ta wuce bayan la'asar ƙanen Malam ya zo, Lawali. Ɗan kabu-kabu ne, gemunsa ya fara fari amma bakinsa bai girma ba. Tun ina amarya muke wasa da shi. Ya jingine mashin ya ce, "Matata, ba ko ruwa? Wagga rowa taki ita ta hana ni tarewa."

"Ka tare da uban wa? Mashin ɗin da sai an tura shi za ka riƙe ni da shi?"

Ya sha ruwan, sai na ga bai mayar mini ba. Lawali in ya yi shiru akwai magana. Na matsa masa, ya ce wata uku ke nan yana kai wa masu haƙar zinari garin kwaki da ruwan leda, kuma a Tudun Kufai suke. Wani ya ce ya ga ƙyalli a cikin tsakuwar wurin, shi ke nan aka cika tudun, da yardar masu dajin. Sun faro daga yamma. Tsohuwar rijiyar sun buɗe ta sun mai da ita rami. Duwatsun ganuwa suna farfasa su suna niƙawa. Gindin rumbunan yamma duk sun tafi.

"Ƙofar gabas fa?"

"Saura kamar taki arba'in, Yaya."

Rabon da ya ce mini Yaya tun ranar jana'iza. Na kira malamin jami'a nan take. Ya yi salati, ya ce zai rubuta takarda zuwa ofishin da ke kula da kayan tarihi. Na ce takardar Malam shekara nawa ta yi a kan tebur? Na kashe wayar.

Na ce wa Lawali, su masu haƙar ba su da wata doka ne, kowa inda ya ga dama yake sara? Ya ce ina, ai da sun kashe juna. Suna da shugaban rami. Duk wanda ya riga ya kafa turke a wuri, ya ɗaura masa ƙyalle a gaban shaidu, taki goma kowane gefe nasa ne. Ko uban wa ba ya sa diga a wurin, don sun yi imani wanda ya ci ramin wani, rami zai ci shi. Sai dai turke yana da rai ne zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka mai shi bai fara gina ba, turken ya mutu, wuri ya koma na kowa.

"Mace ta taɓa kafawa?"

Ya dube ni. "Kulu, kar ki fara. Aradu ba ni kai ki. Shinge biyu na mutanen daji ke kan hanyar nan. In wani abu ya same ki, mi zan ce wa Yaya Garba ran gobe?"

"Ka ce masa ka bar ni na tafi a ƙasa. Don in ba ka kai ni ba, da ƙafa zan tafi."

Bayan ya tafi na zauna ina auna abin da ya rage na mutumin nan. 'Ya'yanmu mata biyu suna gidajensu, ɗaya a Gusau ɗaya a Maraɗi, jikokinsa ba su san fuskarsa ba. Kabarinsa yana inda ba mai iya zuwa ziyara. Rijiyoyin za su cike wata rana kamar ta kan tudu. Abin da ya rage shi ne ya ga wani abu da idon sana'arsa, ya faɗa, aka yi masa dariya, kuma yana da hankalin da ya bar wuri ɗaya bai taɓa ba don wani ya zo ya gwada maganarsa. Mahaukaci ba ya barin a gwada shi. Ban san abin da na'ura za ta ce ba. Wataƙila ta ce shekara ɗari biyu, wataƙila dubu, wataƙila masana su yi ta gardama a kai kamar yadda suke yi a kan tudun can na ƙasar Annabi Dawuda. Na yarda. A yi gardamar da sunansa a ciki.

Don haka ku masu na'ura, ku masu ofis, ku da kuke da sojan da zai iya raka mutum uku yini ɗaya, da ku nake. Ba gini na ce ku yi ba. Cokali ɗaya na gero za a ɗebo daga ƙarƙashin dutse, da hannun wanda ya san yadda ake ɗiba. Ni na iya rubutu yanzu, amma na riga na ga abin da hannuna ya yi sau ɗaya, ba zan taɓa ba. Zafin bazara ya kai inda ya kai, jiya na ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ku ƙirga da kanku.

Washegarin Talatar nan da sassafe na ji ƙarar mashin a ƙofa. Lawali ne, fuska a ɗaure, ya ɗauro wani guntun icen ƙirya a bayan mashin, ya fiƙe masa baki. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Hau, uwar taurin kai." Na yage gefen tsohon zanena na hau. A shingen farko suka tambaye shi wace ce, ya ce tsohuwarsa ce mai taɓin hankali, za ta gano kufan mijinta. Suka yi dariya suka ɗaga mana hannu. Na biyun ma haka.

Tudun ya zama kamar saƙar zuma, rami a jikin rami. Ban tsaya kallo ba, na nufi gabas. Dutsen na nan yadda yake. Na sa Lawali ya kira shugaban rami, wani dogo mai jar ƙasa har gira, ya zo da mutum huɗu suna kallona. Na ɗora turken a gefen dutsen, na ɗauki wani dutse da hannu biyu na buga har ya zauna, na ɗaura ƙyallen na ƙulle sau uku.

"Kun shaida?"

Suka dubi juna. Dogon ya ce, "Mun shaida, Inna. Wuri naki na. Amma ke da wa za ki gina shi?"

Na ce, "Ma'aikatana na hanya."